Yadda Na Auna Gonar Ishaya

Ranar Litinin ɗin da ta wuce wasu samari uku suka same ni a ƙofar gida, nan Kontagora. Sababbin malaman gona ne, takalmansu ko taɓo ba su taɓa gani ba. Wai an turo su su zaɓo manoman da suka fi ƙwazo a ƙasar Rijau da Magama, za a ba su iri da injin ban ruwa, suna so in faɗa musu ƙauyukan da za su shiga. Na tambaye su yadda za su gane mai ƙwazon. Babbansu ya ɗaga waya ya nuna mini.

Ya ce, "Baba, yanzu ba irin zamaninku ba ne. Mu auna gona, mu auna amfani, mu shigar, ita za ta jera su. Babu ɗan wane, babu a taimaka mini. Wanda ya cancanta shi zai samu."

Na ce madalla, na lissafa musu ƙauyuka, suka tafi. Amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Maganar da yaron nan ya faɗa, ni na riga shi faɗinta, na ma fi shi iya faɗinta, kuma da ita na sa wani bawan Allah ya ɗauki abincin gidansa na shekara guda ya zuba a kan neman shanun huɗa biyu. Sun ce za su dawo kafin su tafi. To ga abin da zan gaya musu, in sun iya ajiye wayar sun saurara.

Aikin nan da kuke ɗauka yawo ne a kan babur, ku je ku ci dafaffiyar masara a gonar mutane ku dawo, ba haka yake ba. Ni kayan aikina guda biyar ne: igiya mai ƙulli a kowane taku, turaku huɗu, sikeli mai ƙugiya, littafi, sai wata gajeriyar sanda ta kanya. In kaka ta yi na je awo, nakan shiga tsakiyar gona, in juya baya, in rufe ido, in wurga sandar ta kan kafaɗata. Inda ta faɗi nan zan kafa turke na fari, in ja igiya taku goma kudu, taku goma gabas, in rufe murabba'i. Duk masarar da ke ciki a karye ta a gabana, a ɓare ta a gabana, a zuba a buhu a rataya a sikeli. Ba a wurga sanda sau biyu. Ko kan suri ta faɗi, ko kan fako, nan ne rabon mai gona.

Kuma kada ku ɗauka manomi wawa ne. Na taɓa kama wanda ya yayyafa wa masararsa ruwa da asuba don ta yi nauyi. Tun daga ranar sai na ciji ƙwaya kafin in rataya buhu. In ta ce ƙas ta bushe, in haƙori ya nutse sai a shanya mu jira. Haƙorana biyu na gaba da kuke gani babu, aikin nan ne ya cinye su, ba goro ba.

Wanda ya koya mini wannan duka shi ne Malam Haruna Dogo, Allah ya jiƙansa. Shekara huɗu ina bin sa, shi a kan keke ni a ƙafa, kafin ya yarda na riƙe littafi. Mutum ne mai faɗa, amma in muka zauna a inuwa yakan ba ni tarihin aikin. Shi ya gaya mini cewa a da can babu mai tambayar waye gwanin noma, domin an riga an sani: wanda ubansa ya bar wa gandu mai faɗi. Sai kuma al'adar dami dubu, wanda ya tara su a kira shi sarkin noma, ya yi biki, a yi masa kiɗa. Ya ce wannan ya fi, tun da ƙirge ake yi a gaban kowa. Amma dami dubu hannu nawa ne? Mai 'ya'ya ashirin da mai iya ciyar da gayya su ne suke kaiwa. Da Turawa suka zo sai suka kawo nunin amfanin gona, kowa ya kawo zangarniyarsa mafi girma, alƙali ya duba da ido. Nan fa mutane suka koyi shuka gindi ɗaya a bayan makewayi, su yi ta lallashinsa kamar jariri, su kai shi ya ci kyauta alhali rumbu wayam. Daga nan aka kawo igiya da sikeli. Malam Haruna yakan shafa sikelin ya ce, "Isa, wannan ba shi da suruki, ba shi da ubangida."

Ni kuwa na fi kowa yarda da haka, kuma ina da dalili. Ubana ɗan ƙwadago ne, bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. A da aikin malamin gona sai 'ya'yan manya. Zamaninmu aka ce jarrabawa za a yi. Muka zauna a benci ɗaya da ɗan wani mai unguwa, na ci, ya faɗi. Wani malaminmu a makarantar koyon aikin gona ya ce mutanen Sin ne suka fara ɗaukar ma'aikata da jarrabawa tun zamanin da, Turawa suka gani suka kwaikwaya, ta haka abin ya iso mana. Na ce ko ma su waye, Allah ya saka musu. Ba don su ba, da har yau fartanyar wani nake riƙe. Saboda haka duk wanda ya ce mini awo ba adalci ba ne, sai in ji kamar ubana ya zaga.

Ishaya na fara ganinsa ne a wani ƙauye bayan Dukku ta ƙasar Rijau, na je duba wata gona da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya kama. Ina wucewa sai na ga wasu kunyoyi a gefen tudu, ƙasar duk tsakuwa, amma sun miƙe kamar da zare aka ja su. Ya tsince duwatsun ya jera su a gicciye don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Babu wanda ya koya masa. A cikin gona ɗaya ga dawa, ga wake a gindinta, ga kabewa tana yaɗo, ga riɗi a gefe, ga yakuwa ta kewaye iyaka. Na tsayar da babur na yi sallama. Wani siririn mutum ya ɗago, ya kai shekara hamsin, ya dafe ƙugu kafin ya iya miƙewa sosai. Kirista ne, Dukanci, yaren mutanen wajen, ya fi zama a bakinsa, amma Hausarsa ta ishe mu hira. A shekara talatin da na yi ina wannan aiki ban taɓa ganin manomi kamarsa ba, kuma ban faɗi haka don tausayi ba.

A shekarar da ta biyo baya wata ƙungiya ta sa gasa. Wanda masararsa ta fi nauyi a yankinmu duka, za a ba shi shanun huɗa biyu da garma. Sharaɗin ɗaya ne: masara zalla, a layi, da takin zamani, ba a haɗa ta da komai. Da bazara na koma wurin Ishaya musamman. Muka zauna a gindin ɗorawa a ƙofar gidansa, matarsa Saratu tana tsince wake a faifai tana jin mu.

Na ce, "Ishaya, bayan nan naka ba zai ƙara shekara biyar yana huɗa da hannu ba. Shiga gasar nan. In ka sa hannun nan naka a masara, babu mai kama ka."

Ya ce, "Malam, irin wannan abu ai na masu shi ne. Mu wa ya san mu a Kontagora?"

Na ce, "Ni zan auna. Sikeli bai san Alhaji ba, bai san Ishaya ba."

Saratu ta ɗago ta ce, "Malam, in ya shuka masara kaɗai, ina dawa za ta zauna?"

Na ce bana ɗaya ne.

Ta ce, "Ciki ma bana zai ci."

Na yi dariya, na ce mata in shanu suka shigo gidan nan gona uku za su noma, ita ma ta huta da ɗaukar fartanya. Ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ishaya ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. In ka ce gaskiya za a bi, na yarda." Ya sayar da awakinsu uku ya sayi taki. Gonar tudun nan duka, wadda ita ce ke ciyar da mutum takwas, ya ba masara.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Na zaga na ga masu gasa. A wajen Nasko akwai Alhaji Sule, kuma ina so ku ji da kyau, domin ku yara kuna son labari mai mugu a ciki. Alhaji Sule ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Tun sallar asuba yana gona, hannunsa ya fi nawa kanta, bai taɓa miƙo mini ko ƙwan zabi don in duba shi ba. Sai dai gonarsa a kwari take, inda shanun ubansa suka yi shekaru suna kwana suna zuba taki. Yana da shanun huɗa har huɗu. Ruwan fari na sauka, kwana uku ya gama huɗa ya shuka. Ishaya kuwa da garmar hannu yake yi, shi da matarsa da 'yarsu babba. Sai da ya yi mako uku kafin ya rufe iri na ƙarshe. Na rubuta ranakun duka a littafina, ban ga komai a cikinsu ba. Babu gurbin wannan a takardar gasa.

Masarar Ishaya ta tashi kore shar, ganye kamar an shafa mai. Mutanen ƙauyen suka riƙa zuwa kallo. Ni ma duk mako biyu sai na je, ina tafe ina murna kamar tawa ce. Sai ga shi tana fara fitar da gemu, daidai lokacin da ta fi bukatar ruwa, sama ta ɗauke.

Ku da ba ku taɓa jiran ruwa a kan maganar da kuka faɗa wa wani ba, ba za ku gane ba. Kwana biyar, na ce ba komai. Kwana goma, na fara fita tsakar gida ina duban gabas kamar mai neman wata. Uwargidana ta ce ko gona na yi a ɓoye. Abinci ya daina shiga. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. A masallaci ana roƙon ruwa, a coci ana roƙo, ni kuwa Allah ya gafarta mini, gona ɗaya tak nake gani in na ɗaga hannu. Tsoro nake ji ƙwarai, har na riƙa kauce wa hanyar Dukku. Na yi kusan mako uku ban je ba, ina ƙirƙiro wa kaina aiki a Sahon Rami.

Da na daure na je, ganyen ya nannaɗe kamar tabarma. Ishaya yana tsaye a ciki, ya ɗebo ruwa a tulu daga rafi yana zuba wa gindi ɗaya ɗaya da ƙoƙo. Gona mai faɗin nan, da ƙoƙo. Ya gan ni ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Kwana biyu." Bai ƙara komai ba. Na so ya zage ni.

Ruwa ya dawo bayan kwana ashirin da wani abu. Dawar maƙwabtansa, wadda ta kwanta kamar ta mutu, ta miƙe ta ci gaba da harkarta, domin dawa tana da haƙuri. Masara ba ta da shi. Ta Alhaji Sule kuwa ta riga ta gama goyo kafin farin ya shigo, ƙasar kwari kuma ta riƙe mata laima. Mako ukun nan na huɗar hannu su ne suka raba su.

Ranar awo a gonar Ishaya mutanen ƙauye sun taru. A can ƙasan gonar akwai wani ɗan lungu inda ya fi zuba ruwan tulu, masarar wurin ta yi kyau ba laifi. Na tsaya a tsakiya na juya baya. Na san inda lungun yake, hannuna ma ya sani. Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in karkata hannu can. Na rufe ido na wurga kamar yadda aka koya mini, sandar ta faɗi can sama, kan tsakuwa. Wani dattijo ya ce, "Malam, ai ta zame ne, sake." Ishaya ya ce, "A'a. Ya ce ba a yi sau biyu." Shi da kansa ya kafa mini turke. Muka karya, muka ɓare. Rabin totuwar babu ƙwaya. Abin da ya hau sikeli bai kai kashi ɗaya cikin uku na Alhaji Sule ba. Ko da lungun na auna ba zai ci ba, na san haka, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

A zaman kwamitin gasar na yi magana. Na ce kyautar nan shanu ce, kuma shanu ne suka ci ta. Na ce mai shanu huɗu za mu ƙara wa biyu, wanda rashinsu ya kayar kuma ya koma da fartanyarsa. Shugaban zaman, wani dattijo mai natsuwa, ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Malam Isa, wa ya auna?"

Na ce ni.

"An yi maka maguɗi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To in muka bar sikeli me za mu kama? Tausayi? Baɗi kowa zai zo da ɗan'uwansa yana ɗingishi. Kai da kanka ka san abin da aka gudo kafin a zo nan."

Gaskiya ya faɗa. Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ban yarda an yi daidai ba. Duka biyun suna cikina, ba wanda ya kori wani. Aka miƙa wa Alhaji Sule shanu a bainar jama'a, aka yi tafi, mai jawabi ya ce ga abin da ƙwazo ke jawowa, sauran manoma su yi koyi. Wannan kalmar ta fi komai ci mini rai. A da in ɗan mai gandu ya fi ka, ka san gado ne, ka koma gida da mutuncinka. Yanzu an auna ka a gaban mutane, an rubuta, an ce kai ne ba ka kai ba.

Da rani na ɗaure tiya goma ta dawa a bayan babur na kai musu. Saratu ce ta fito. Ta karɓa, ta yi godiya yadda ya kamata, ta kawo mini ruwa. Na ce ina fata ba ta riƙe Alhaji a zuciya ba, shi bai san komai ba.

Ta ce, "Malam, zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa."

Na kurɓi ruwan na ajiye. Na tambayi maigidan, ta ce ya tafi neman aiki, rumbu ya ƙare tun kafin Kirsimeti. Gonar tudun kuma sun ba wani aro, tun da babu iri, babu awakin da za a sayar. Ba ta faɗi inda ya tafi ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya.

Damina ta zagayo, aka sake sa gasa, aka sake ba ni igiya. Da kaka na isa gonar Alhaji Sule, tun daga bakin hanya na tsayar da babur. Na san gonar nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin ta haka ba. Kunyoyin sun miƙe tsaf, a gefen da ruwa ke zaizaya an jera duwatsu a gicciye. Na gane hannun da ya yi aikin tun kafin in ga kowa.

Alhaji ya taro ni da fara'a. Ya ce, "Malam Isa, bana Allah ya ba ni wani mutum daga wajen Rijau. Shanun nan da kuka ba ni, shi na damƙa wa. Kwana biyu ya koye su, yanzu muryarsa kawai suke ji. Ni kaina na zama ɗan kallo a gonata." Ya ɗaga murya ya kira shi.

Ishaya ya fito daga cikin masara, ya ƙara ramewa, ya dafe ƙugu ya miƙe. Muka gaisa, ya tambayi iyalina, na tambayi nasa. Na wurga sanda, na kafa turaku, na ja igiya. Shi ya karya, shi ya ɓare, shi ya ɗaga buhun ya rataya a ƙugiya, domin ni na kasa ɗaga shi. Allurar sikelin ta tafi har inda ban taɓa ganin ta kai ba a duk shekarun aikina. Alhaji ya yi hamdala, ya nufi wajen mutanensa yana ba su labari. Muka rage mu biyu a gindin sikeli.

Ishaya ya matso ya leƙa allurar, ko da yake bai iya karanta lamba ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, akwai wanda ya fi wannan bana?"

Na ce, "Babu. Ko kusa."

Ya gyaɗa kai, ya share hannunsa a jikin riga. Ya ce, "To ka ga, ba ka yi ƙarya ba. Ka ce babu mai kama ni."

Ya tsaya a kaina yana kallo, na buɗe littafi, na rubuta sunan Alhaji Sule.